Ƙwan fitilar mota: abin da ya kamata ka sani kafin ka canja ko ka ƙara haske



Duk mai mota a cikinmu ya san tafiyar dare ba ta da makawa. Mai kayan gwari so yake ya shiga Mile 12 kafin asuba. Mai tafiya gida Sallah kuwa, ko da hantsi ya bar Agege, cunkoso na iya riƙe shi har magariba ta same shi bai wuce Ibadan ba. Daga nan sai abin da fitila ta nuna maka. Shi ya sa na tattara abin da na koya game da ƙwan fitilar gaba, don wanda zai canja nasa ya san me zai saya, me kuma zai guje wa.

Ni ma ba da daɗi na koya ba. Ina da Corolla ƙirar 2006. Wata shekara da za mu tafi gida, na ga hasken ya yi rauni, sai na shiga kasuwar kayan gyara na sayi ƙwan LED guda biyu, irin wanda aka zuba wa manyan lambobi a jikin kwali. Da aka kunna a bakin shago, kai, har bangon tsallaken titi ya yi fari tas. Na biya ina murna.

Tsakanin Oyo da Ogbomosho ruwa ya sauko da dare. Abin da nake gani kawai farin labule a gabana, ɗigon ruwa na ta ƙyalli, kwalta kuma baƙi ƙirin. Duk motar da ta taho sai ta watsa mini ful, alhali ni a dim nake. Can sai ga ganye a kan titi, bayan ganyen ga tanka ta lalace, babu fitila ko ɗaya a bayanta. Na taka birki, mota ta ja ƙafa, muka tsaya tazarar da ba ta kai tsawon tabarma biyu ba. Iyalina da yara uku suna ciki. Allah ne ya tsare.

Da muka dawo na kai motar wurin wani dattijo mai wayarin a Sabon Ibadan, irin waɗanda ake ce wa riwaya a nan Kudu. Ya juya ta ga bango ya kunna, ya ce: “Malam, dubi nan. Haskenka yana kan bishiya da rufin mutane. Wanne ya rage wa titi?” Na ce, “Baba, ai ya fi na da haske.” Ya ce, “Ya fi haske a ido, bai fi haske a hanya ba.” Duk abin da zan faɗa a ƙasa bayanin wannan maganar ce.

Abu huɗu ke haɗa hasken mota

Ƙwai ɗaya ne daga cikin huɗu. Akwai gidan fitila, wato kwanon ciki mai sheƙi da gilashin gaba. Akwai wutar da ke isa ga ƙwan ta waya. Akwai saiti, wato inda fitilar ta dosa. Sannan ƙwan kansa. In ɗaya ya gaza, ko ka sayi ƙwai mafi tsada a Ladipo, kuɗinka ka zubar.

Gidan fitila iri biyu ne. Na farko shi ne mai kwano, wanda in ka leƙa za ka ga ƙwan a tsakiyar wani abu kamar madubi. Na biyu shi ne furojekta, mai ƙwallon gilashi kamar idon saniya, wanda ke da wani ƙarfe a ciki da ke yanke hasken daga sama. Kowannensu an ƙera shi ne da lissafin cewa hasken zai fito daga wani ɗan wuri guda, daidai inda lagwanin ƙwan asali yake. In wurin ya goce ko da milimita ɗaya ko biyu, hasken ya watse.

Ire-iren ƙwai

Halojin shi ne wanda ke cikin yawancin motocinmu na tokumbo. Siririyar waya ce ta ƙarfen tungsten a cikin gilashi mai iskar gas, wuta ta bi ta cikinta ta yi ja ta ba da haske. An fara amfani da H1 a Turai a 1962, H4 mai lagwani biyu kuma ya fito a 1971. Haskensa na da ɗan ruwan ɗorawa, ya fi araha, kuma a kan samu sa’o’i 500 zuwa 1,000 a jikinsa, gwargwadon iri. H7 na cin wat 55 ya ba da lumen kusan 1,500. Lumen shi ne ma’aunin yawan haske, wat kuma ma’aunin wutar da ƙwai ke sha.

Zenon, wanda ake kira HID, ba shi da lagwani. Tartsatsin wuta ne ke tsalle tsakanin ƙarafa biyu a cikin gas. BMW ce ta fara sa shi a 1991. Yana cin wat 35 ya ba da lumen kusan 3,200, amma sai da wani ɗan akwati da ake kira balas, wanda ke harba wuta sama da volt 20,000 lokacin kunnawa. Lambobinsa da D suke farawa: D1S, D2S, D2R, D3S, D4S. Mai S na furojekta ne, mai R na kwano. D1 da D2 ba sa musanya da D3 da D4, don ƙarfin wutar da suke aiki da ita daban ne.

LED shi ne na zamani. Lexus LS 600h ce ta fara zuwa da shi a dim a 2007. Yana shan wuta kaɗan, yana daɗewa, amma zafi ne maƙiyinsa, shi ya sa za ka ga fanka ko ƙarfen sanyaya a gindinsa. A lura da bambanci: motar da ta zo da LED daga kamfani, gaba ɗaya gidan fitilar don shi aka yi, kuma sau da yawa ba a cire ƙwan shi kaɗai. Wannan daban yake da ƙwan LED da ake sayarwa a kwali don a cusa a gidan halojin.

Ka san lambar ƙwanka

Kada ka je kasuwa ka ce “a ba ni ƙwan Camry”. Camry iri-iri ce. Lambar tana rubuce a gindin tsohon ƙwai, tana cikin littafin mota, wani lokaci kuma a jikin gidan fitilar.

Motocin da suka zo daga Amurka da Kanada sun fi amfani da 9005, 9006 da H11. Misali, Corolla ta 2003 zuwa 2008, Camry ta 2002 zuwa 2006 da Honda Accord ta 2003 zuwa 2007, ’yan Amurka, 9006 ne a dim, 9005 a ful. Camry ta 2007 zuwa 2011 kuwa H11 ne a dim. Motocin Turai, waɗanda muke ce wa Beljiyom, sun fi amfani da H7, H1 da H4. Golf 4 na ɗaukar H7 a dim, H1 a ful. Hiace da ake kira Homa bos, mai halojin, H4 ce, ƙwai ɗaya mai ƙafa uku da ke yin dim da ful gaba ɗaya.

Wasu ƙwayayen suna biyu gare su. 9005 shi ne HB3, 9006 shi ne HB4, 9003 kuma ɗan uwan H4 ne. Duk da haka ka ɗauki tsohon ƙwan a aljihu ka kwatanta, don motar da ta wuce hannu uku ko huɗu, wataƙila an taɓa canja mata gidan fitila gaba ɗaya.

Wani abin da na sha gani a gareji: a yanke kunnuwan 9005 da reza a cusa shi a ramin 9006 don ya fi haske. 9006 yana da baƙin fenti a kansa da ke tare hasken da zai daki idon na gaba, 9005 ba shi da shi. A fitila mai kwano wannan makantar da mutane ne kawai.

Kafin ka zargi ƙwai

In gefe ɗaya ya mutu, galibi ƙwai ne. Hanyar tabbatarwa mai sauƙi: ka ɗauko na gefen da ke aiki ka sa a nan. In ya kama, ƙwai ne. In bai kama ba, a duba fiyus, soket da waya.

In duka biyun suka ɗauke lokaci guda, da wuya a ce ƙwai ne. A duba fiyus, rile, da makunnin da ke jikin sitiyari.

In suna kamawa amma hasken ja-ja ne kamar aci-balbal, wuta ce ba ta isa. Halojin ba ya haƙuri da ƙarancin wuta: in ta ragu da kashi 10 cikin 100, hasken zai ragu da kusan kashi 30. Ka sa mai wayarin ya tada inji, ya kunna fitila, ya auna wuta a kan batir, sannan ya auna a bakin soket ɗin ƙwai. In bambancin ya haura rabin volt, wuta na zuba a hanya. Yawanci tsatsa ce a wayar at, wato wadda aka ɗaure a jikin ƙarfen mota. A Legas, Warri da Fatakwal, inda danshi da iskar teku ke cin ƙarfe, wannan ciwon ya yi yawa. Kankare wurin da sanfefa a ɗaure da kyau, sau da yawa shi ke nan.

In kuma ƙwai na yawan ƙonewa, a auna altaneta. Lafiyayyar caji tana tsakanin volt 13.8 da 14.5 in inji na aiki. Ƙarin kashi 5 cikin 100 kacal na iya rage rabin rayuwar ƙwai. Sauran dalilan su ne gidan fitila mai girgiza saboda kunnensa ya karye, ruwa da ke shiga, soket da ya saki, da taɓa gilashin ƙwai da hannu.

Sai gilashin gaba. Na motocin yanzu roba ce mai ƙarfi, rana na cinye rufin da ke kanta ta koma ruwan ɗorawa kamar idon mai shawara. Gilashin da ya dushe yana riƙe haske mai yawa, ya watsa sauran. Ana gyarawa: a goge da sanfefa mai ruwa, daga lamba 800 zuwa 1,500 zuwa 2,500 ko 3,000, a yi folish, sannan a fesa abin kariya daga rana. In ba a fesa ba, ’yan watanni zai koma yadda yake. Man goge baki da ake yayi yana ɗan haskaka shi, amma na kwana kaɗan ne. In kwanon ciki ne ya ƙone ya daina sheƙi, ba shi da magani sai sabon gida.

Yadda ake canjawa

A yawancin motoci aikin minti goma ne zuwa ashirin, kuma kana iya yi da kanka.

1. Kashe mota da fitila, ka zare makulli. Bari ƙwan ya huce, don halojin na ƙona fata.
2. Buɗe bonet ka nemo bayan fitilar. Cire murfin roba in akwai. A wasu motocin sai an kauce da batir ko akwatin iska, wasu kuma ta cikin kwandon taya ake shiga.
3. Danna maƙallin soket ka zare shi. Soket ɗin ake ja, ba waya ba.
4. 9005, 9006 da H11 murɗawa ake yi zuwa hagu, kwata ɗaya, su fito. H4, H7 da H1 galibi wata waya ce mai sifirin ke danne su, sai ka danna ta ka kauce da ita. Ka ɗauki hoto da wayarka kafin ka cire, don ka tuna yadda yake zaune.
5. Riƙe sabon ƙwai ta gindinsa. Maiƙon yatsa a kan gilashi na haifar da wurin da zafi zai taru, ƙwan ya kumbura ko ya fashe. In ka taɓa bisa kuskure, goge da sifirit da tsumma mai tsabta, ka bari ya bushe.
6. Sa shi yadda kunnuwansa za su faɗa ramukansu. Hanya ɗaya kawai yake zama. In ka ji sai da ƙarfi, ba daidai ba ne. Ƙwan da ya zauna a karkace zai kama, amma hasken zai tafi wani wuri.
7. Mayar da soket, kunna ka gwada dim da ful, sannan ka mayar da murfin ya rufe ruf. Barin murfi a buɗe shi ke sa fitila ta yi gumi da damina.

Ka canja biyun tare. Tare suka tsufa, in ɗaya ya mutu ɗayan na hanya, kuma tsohon ƙwai haskensa ya riga ya ragu. Wanda bai mutu ba ka naɗe shi a takarda ka ajiye a mota, tare da fiyus biyu ko uku. Ranar da naka ya ɗauke tsakanin Jebba da Mokwa za ka gode wa kanka.

Zenon kuwa, in ba ka saba ba, bar wa masu aikin. Wutar balas ba abin wasa ba ce.

Ƙarin haske: me ke aiki, me ba ya aiki

*Ƙwai mai wat 100.* Shi aka fi tallata wa direbobi. Lissafin a fili yake: wat 55 na jan kusan amp 4 da rabi, wat 100 na jan sama da amp 8. Waya da soket da makunnin motarka ba don wannan aka yi su ba. Soket ya narke, kwano ya ƙone, wani lokaci waya ta kama wuta. In fiyus ya fara tsinkewa, sai wani ya ce a sa babba, ko a naɗa waya a madadinsa. Kada ka yarda. Fiyus na tsinkewa ne don mota kada ta ƙone.

*Halojin mai shuɗin gilashi.* Fentin shuɗin nan haske yake tarewa don abin da ya rage ya yi kama da fari. Ka biya kuɗi an rage maka haske. Lambar da ke da K a kwali, Kelbin ke nan, launi take nunawa, ba yawan haske ba. Halojin na wajen 3,200K, zenon na kamfani wajen 4,300K, 6,000K fari ne mai sanyi, 8,000K zuwa sama shuɗi. Ido ya fi jin zafin haske mai shuɗi-shuɗi, kuma a ruwan saman Kudu ko hazon hunturu in ka haura Neja, ba zai taimake ka ba.

*Zenon a gidan halojin mai kwano.* Tartsatsin zenon bai da siffar lagwani, kuma haskensa ya ninka. Sakamakon shi ne haske ta ko’ina. A Turai, motar da dim ɗinta ya haura lumen 2,000 sai an haɗa mata abin wanke fitila, kuma masu zenon na zuwa da na’urar da ke daidaita saiti da kanta. Motarka ba ta da ko ɗaya.

*LED a gidan halojin.* Nan aka fi faɗawa. Lagwanin halojin siriri ne, yana ba da haske ta kowane ɓangare. LED kuwa ’yan faranti ne a gefe biyu na wani ƙarfe. In farantan ba su zauna daidai wurin lagwani ba, ko ƙarfen ya yi kauri, ko an jera su gefe huɗu, kwanon ba zai iya tattara hasken ba. Gaban mota zai yi fari fat, idonka ya tsuke saboda hasken kusa, nesa kuma duhu. Abin da ya same ni ke nan. Akwai masu kyau. Jamus ta fara amincewa da irin wannan ƙwai a 2020, amma sai ga jerin motocin da aka gwada shi a cikinsu ɗaya bayan ɗaya. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka ba kowane LED ke shiga kowace fitila ba.

In dai sai ka sa LED, nemi mai siraran faranti a gefe biyu, masu tsawo daidai da lagwanin ƙwanka. Su kalli hagu da dama, ba sama da ƙasa ba. Tabbatar murfin baya zai rufu. In bai kama ba, juya soket ɗin, don LED na da kai da gindi a wuta. Wasu motocin Turai za su nuna alamar ƙwai ya mutu a dashbod saboda ƙarancin wutar da yake ja. Toyota da yawa ’yan Amurka kuma na kunna ƙwan ful da rabin wuta da rana, LED a wurin sai ya riƙa ƙyaftawa. Kada lambar lumen ta kwali ta ruɗe ka, bango ne alƙali. In layin haske bai fito a yanke ba, cire shi.

*Abin da ke aiki.* Gyara gilashi. Gyara wayar at. In wayoyin sun tsufa, a sa rile mai fiyus da waya mai kauri kai tsaye daga batir. Sannan a sa halojin na ƙwarai mai wat ɗin da kamfani ya ce. Akwai masu rubutun +100 ko +150 na kamfanoni irin su Osram da Philips: wat ɗinsu bai canja ba, lagwanin ne aka matse don haske ya fi taruwa a nesa. Suna ƙara gani, amma sun fi saurin mutuwa. Mai yawan tafiyar dare zai ci ribarsu. Mai yawo cikin gari, na yau da kullum ko mai dogon kwana ya ishe shi.

Saiti, wanda kowa ke mantawa

Nemi fili mai laushi da bango, da dare. Iskar taya ta zama daidai. Auna daga ƙasa zuwa tsakiyar fitila, ka yi alama da alli a bango a wannan tsawon. Ja mota baya mita 10, ka kunna dim. A motar Turai za ka ga an rubuta 1.0% ko 1.2% a jikin gidan fitila. Ma’anarsa layin da haske ya yanke ya sauka santimita 10 ko 12 ƙasa da alamar. A motar Amurka an saba tsayawa mita 7 da rabi, layin ya sauka kamar santimita 5. Akwai kusoshin saiti a bayan fitila, na sama da ƙasa, a wasu kuma har da na hagu da dama. Rufe fitila ɗaya da tsumma ka saita ɗayar.

Ga dalilin da ya sa wannan ke da muhimmanci. Fitilar da ke santimita 65 daga ƙasa, da saukar kashi 1, haskenta na taɓa titi a mita 65. Mota mai gudun kilomita 100 a awa na cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya, kuma kafin ka gani, ka taka birki, ta tsaya, ta haura mita 70 a busasshiyar kwalta. Wato ko da lafiyayyar fitila, gudun 100 a dim ya fi abin da idonka ke gani. Ƙwai ba ya maganin gudu.

Sannan lodi. In ka cika but da doya, manja da garin kwaki za ka gida, bayan mota ya zauna, fitila ta ɗaga kai tana duban idon mutane. Motocin Turai da yawa na da ɗan abin murɗawa mai lamba 0 zuwa 3 kusa da sitiyari don sauke ta. Da yawa cikinmu ba mu taɓa taɓa shi ba.

Motar da aka juya wa sitiyari

Tun 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama. Dim ɗin motar da aka yi don irin hanyarmu yana ɗan ɗaga haske ta dama, don ka ga mai tafiya a ƙasa da allon hanya. Motar da aka yi don Ingila ko Japan akasin haka take, ta hagu take ɗagawa, wato cikin idon mai tahowa. In an juya mata sitiyari ba a canja gidan fitila ba, babu ƙwai ko saitin da zai gyara. Ka duba a bango: in layin ya hau ta hagu, gidan fitila za ka canja. Haka in za ka sayi fitilar Beljiyom, ka gwada kafin ka biya.

Jabu da kasuwa

Ko Ladipo ka je a Legas, ko Agodi Gate a Ibadan, Uwelu a Benin, Ikoku a Fatakwal, ko Mgbuka Obosi kusa da Onitsha, za ka samu na ƙwarai, za ka samu na banza, wani lokaci a kwali iri ɗaya. Dubi gindin ƙwan: na kirki yana da sunan kamfani, lambar iri, volt da wat a rubuce tsaf, da harafin E da lamba a cikin da’ira, ko DOT. E1 na nufin a Jamus aka amince da shi, E4 a Holan. Masu jabu ma na buga alamar, don haka ka haɗa da ido: lagwani ya tsaya a miƙe a tsakiya, walda ta yi tsabta, gilashi ba ya motsi a gindinsa. Farashin da ya faɗi ƙasa da na kowa ma alama ce. Araha ba ta ado. Ka nemi a gwada a gabanka, ka karɓi rasit.

Manyan motoci, Keke da babur

Tirela da manyan motocin shanu volt 24 suke, ƙwansu daban: H4 ɗinsu wat 75/70 ne, H7 kuma 70. In ka sa na volt 12 zai ƙone nan take. In ka sa na 24 a ƙaramar mota zai yi ja kamar garwashi. Masu ƙara dogayen fitilun LED a saman gilashi ko a bamba, don Allah a haɗa su da makunni na daban, a kashe da zarar an hango mota.

’Yan uwanmu masu babur da Keke kuma, ƙwanku yawanci wat 35 ne. Na mota mai wat 60 zai shiga wasu, amma zai shanye batir ya narkar da soket.

Doka da haƙƙin na gaba

Tuƙi da fitila ɗaya ko fitilar da ta lalace laifi ne da jami’an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, da na VIO ke kamawa, kuma fitila na cikin abin da ake dubawa a gwajin lafiyar mota. Amma ni ba tarar ce ta fi damuna ba. Mota mai ido ɗaya, na gaba ɗauka yake babur ne, ya matso maka. Mota mai makantar da mutane kuwa, direban da ka rufe wa ido na daƙiƙa biyu ya ci mita hamsin bai ga komai ba, kuma kai yake dosowa. In mutane na yawan watsa maka ful alhali kana dim, ba tsokana ba ce, fitilarka suke gaya maka. A hazo ko ruwa mai ƙarfi kuma dim ake sawa, ful dawo maka zai yi a ido.

Abin da Baba ya yi wa Corolla ɗina bai wuce awa biyu ba. Ya cire LED ɗin, ya kankare wayar at, yaronsa ya goge gilashi, aka sa 9006 na ƙwarai guda biyu, ya saita a bango. Kuɗin duka bai kai abin da na kashe a kan wancan kwalin ba. Na sake bin hanyar Ogbomosho da dare bayan nan. Hasken bai yi farin da zai burge kowa a tasha ba, amma ina hango ramuka tun da nisa, kuma babu wanda ya watsa mini ful.

Kafin tafiyarka ta gaba, ka juya motarka ga bango ka kunna dim, minti biyar ne. Allah ya tsare mu a hanyoyinmu, ya kai kowa gida lafiya.